Fim ɗin da ya yi asara amma ya ceci jiragen yaƙi

 A filinmu na tarihi na wannan mako za mu leƙa Turai, mu ga yadda aka shirya wani tsohon fim na yaƙi da ya fito a 1969. Sunansa Battle of Britain, a Faransanci kuwa La Bataille d'Angleterre, wato yaƙin da aka gwabza a sararin samaniyar Ingila. Masu son tsoffin finafinai wataƙila sun taɓa cin karo da shi a tele. Mu dai abin da ya ja hankalinmu shi ne jiragen da ke cikinsa. Yau in kun ga jirage ɗari suna artabu a fim, yawanci kwamfuta ce ta zana su. A wancan zamani babu wannan dabara. In kana son jirgin 1940 ya tashi a gaban kamara, sai ka nemo jirgin da kansa, ka gyara shi, sannan ka samo mutumin da zai yarda ya hau. To a wajen neman ne fa aka farga cewa ƙasar da ta ci yaƙin ta kusa gama sayar da jiragenta ga masu narka ƙarfe.

Bari mu fara da yaƙin a taƙaice, don kowa ya gane abin da ake son nunawa. A watan Mayu na 1940 sojojin Hitila suka afka wa Faransa, cikin mako shida ƙasar ta faɗi. Ingila ta rage tana fuskantar Jamus, tsakaninsu sai ɗan siririn tekun nan da muka koya a lakwal da suna La Manche, wanda inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 34 ba. Kafin Jamusawa su ƙetare da jiragen ruwa, dole sai sun karya rundunar sojan sama ta Ingila, wadda ake kira RAF. Daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba na 1940 aka yi ta gumurzu a sama, kusan kullum. Matuƙa da sauran ma'aikatan jirgi kusan 3,000 ne suka tsaya wa Ingila, 544 daga cikinsu suka rasa rayukansu a waɗannan watanni. Ba Turawan Ingila kaɗai ba ne: akwai ƴan Polan 145, akwai ƴan Kanada da Niyu Zilan da wasu ƙasashe, har da Faransawa 13 da suka ƙi miƙa wuya. Ranar 15 ga Satumba Jamusawa suka kai wa Landan babban farmaki aka kore su, bayan kwana biyu Hitila ya ɗage shirin mamaye tsibirin, bai kuma sake komawa kansa ba.

Jirage biyu ne suka ɗauki nauyin kare Ingila, Spitfire da Hurricane, dukansu da inji iri ɗaya mai suna Merlin, ƙirar kamfanin Rolls-Royce. Ku riƙe sunan injin nan, za mu dawo kansa. Jamusawa kuwa suna da Messerschmitt 109 na faɗa, da Heinkel 111 mai ɗaukar bom, da kuma Stuka mai sulalowa daga sama da ƙara mai firgitarwa.

Wanda ya fara kawo shawarar fim ɗin a tsakiyar shekarun 1960 shi ne Benjamin Fisz, haifaffen Polan, wanda shi kansa ya tuƙa jirgin yaƙi a ɓangaren Ingila. Ya haɗa kai da Harry Saltzman, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kawo finafinan James Bond. Wanda aka ba ragamar umarni shi ne Guy Hamilton, da aka haifa a birnin Faris, ya yi yaƙin a rundunar ruwa, shi ne kuma ya yi Goldfinger a 1964. Ɗaukar hoto aka ba Freddie Young, wanda ya ɗauki Lawrence of Arabia. Tun farko maganar kuɗi ta so ta kashe aikin. Kamfanin Paramount na Amurka ya shiga ya sake janyewa, sai da United Artists ya karɓa sannan abu ya tsaya da ƙafafunsa. Amma ko da kuɗi a hannu, tambaya ɗaya ta rage: ina jiragen?

Aikin nemo su aka ɗora wa wani tsohon hafsan RAF ɗan Sikotilan, Hamish Mahaddie, wanda ya tuƙa jirgin bom a lokacin yaƙi. Ku saurari lissafin nan da kyau. Spitfire, an ƙera fiye da 20,000. Hurricane, fiye da 14,000. Da Mahaddie ya zagaya Ingila, shekara ashirin da ƴan kai bayan ƙare yaƙi, Spitfire 109 ya iya ganowa. Da yawansu an kafe su ne a ƙofar barikoki don ado, ruwa da sanyi suna cin su, wasu ba inji, wasu tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. A ƙarshe 27 aka samu don fim, 12 kacal suke iya tashi. Hurricane kuwa abin ya fi muni: shida aka samu, uku ke tashi, ɗaya ma daga Kanada aka kawo shi. Ina sauran suka tafi? Waɗanda yaƙi bai ci ba, zamanin jirage masu injin jet ya zo ya mai da su tsohon yayi, gwamnati ta yi gwanjonsu, ƴan kasuwar ƙarfe suka narka. Babu wanda ya yi haka da mugunta. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙi da bashi a wuya, tana buƙatar gidaje da tukwane, kowa kuma yana ganin ai jiragen suna da yawa, wani zai ajiye.

Akwai jirgi ɗaya da labarinsa ya ishe mu misali. Lambarsa P7350, Spitfire ne da aka ƙera a 1940, ya kuma shiga yaƙin da gaske. Ranar 25 ga Oktoba na shekarar aka harbe shi, matuƙinsa ɗan Polan ya yi saukar dole da shi, aka gyara ya koma aiki. A 1948 aka sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe a kan fam 25. Allah ya sa kamfanin da ya saya ya duba takardunsa, ya ga irin tarihin da ke jikinsa, ya fasa narka shi ya ba da shi aka ajiye a wani bariki. Nan ya zauna shekara kusan ashirin ba ya motsi, sai da masu fim suka zo aka tashe shi. Da aka gama fim aka miƙa shi ga rukunin RAF da ke kula da jiragen tarihi. Har yau yana tashi.

Sauran jiragen da aka samu yawancinsu ƙirar ƙarshen yaƙi ne, fasalinsu ya ɗan bambanta da na 1940. Sai makanikai suka zauna suna yi musu kwaskwarima: a cire bakin manyan bindigogin da ke fiffike, a gyara ƙarshen fiffiken, a sake fenti, har su yi kama da juna daga nesa. Na ƙasa kuwa, waɗanda za a nuna bom yana tarwatsawa, a ɗakin shirya finafinai na Pinewood aka ƙera su da katako da roba daidai girman na gaske. Wasu ma an sa musu injin babur don su iya tafiya a ƙasa, farfela tana juyawa.

Wannan ɓangaren Ingila ke nan. Na Jamus fa? Messerschmitt 109 an ƙera fiye da 33,000, amma Jamus ta sha kaye, abin da bom bai ƙona ba waɗanda suka ci yaƙi sun farfasa shi. Mafita sai ta fito daga Sifaniya. Ga yadda abin yake. Hitila ya taimaki Janar Franco a yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939. Franco bai shiga yaƙin duniya ba, amma ya samu izinin ƙera jiragen Jamus a masana'antun ƙasarsa. Kamfanin CASA ya ƙera Heinkel, kamfanin Hispano Aviación na birnin Sebil ya ƙera Messerschmitt. Da Jamus ta faɗi, hanyar samun injunanta ta toshe. Bayan ƴan gwaje-gwaje, a shekarun 1950 Sifaniyawa suka je suka sayo inji a Ingila. Wane inji? Merlin ɗin nan dai da muka ce ku riƙe sunansa.

Injin bai dace da hancin jirgin yadda na asali ya dace ba, sai ya yi masa wani tulluƙeƙen maƙoshi a ƙasa. Shi ya sa suka laƙaba masa suna Buchón, sunan wata tantabara mai kumbura maƙogwaro. Masu kiwon tantabaru a cikinmu sun san irinta. Jiragen nan ma sun taɓa yaƙi a nahiyarmu: Sifaniya ta yi amfani da su a rikicin Ifni da Saharar Yamma a 1957 da 1958. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 an sallami Buchón daga aiki, suna jibge a filin jirgin Tablada na Sebil ana shirin gwanjonsu. Mahaddie ya iso kan gaɓa. Aka sayi 27, aka gyara 17 da za su yi tafiya har Ingila. Heinkel kuwa suna bakin aiki a lokacin, rundunar saman Sifaniya ta ba da 32 tare da matuƙansu. Aka yi musu fentin Jamus na 1940, aka datse ƙarshen fiffiken Buchón don ya yi kama da na asali, aka maƙala masa bindigogin ƙarya.

Kun ga ikon Allah ke nan. Duk wanda ya kalli fim ɗin yana ganin jirgin Ingila yana bin jirgin Jamus, amma ƙarar da ke fita daga su biyun ta inji ɗaya ce, ƙirar Ingila. Da aka tara jiragen duka sun kai wajen 100, har ƴan jarida suka riƙa cewa kamfanin fim ya zama runduna ta 35 mafi girma a duniya.

Stuka ne kawai ya gagara. Babu ko ɗaya mai tashi da za a iya amfani da shi. An gwada sauya fasalin wani ƙaramin jirgin Ingila mai suna Proctor don ya yi kama da shi, amma da aka tashe shi aka ga ba zai jure sulalowa daga sama ba, aka haƙura. Wurin da kuka ga Stuka suna kai hari kan hasumiyoyin rada, ƙananan jirage ne marasa matuƙi da ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa.

An fara ɗauka a watan Maris na 1968 a Sifaniya. Filin Tablada ya zama sansanin Jamusawa a arewacin Faransa. Bakin tekun Huelva ya zama Dunkerque, inda sojojin Ingila suka tsere a 1940 suka bar motocinsu. Birnin San Sebastián aka mayar Balin. Daga nan aka kwashi Buchón 17 da Heinkel biyu aka yi arewa da su zuwa Ingila. Ku ƙaddara mutanen da suka ga yaƙin 1940 da idonsu, ga shi bayan shekara 28 sun ɗaga kai sun hangi jirage masu tambarin Jamus a jere suna ratsa sararin garinsu.

A Ingila an yi aiki a filayen da aka yi yaƙin na gaske: Duxford, Debden, North Weald da Hawkinge. Don nuna yadda bom ya ƙona Landan, an cinna wuta a wasu tsoffin rumbunan ajiya na tashar jiragen ruwa ta St Katharine da dama ake shirin rushewa. An kuma shiga tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa ta Aldwych, inda mutane suka riƙa kwana don gudun bom. A nan ne kuma masu fim suka yi ɓarnar da har yau ake tuna musu. A Duxford akwai wata babbar rumfar ajiye jirage da aka gina tun zamanin yaƙin duniya na farko. Ta tsallake yaƙin Hitila lafiya lau. Masu fim suka ɗaura mata nakiya suka tarwatsa ta don su samu hoton harin Jamusawa. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya, amma rumfar ta tafi ke nan.

Babban aiki shi ne ɗaukar faɗan a sama. An samo wani tsohon jirgin bom na Amurka, B-25 Mitchell, aka cire bindigoginsa aka sa kamarori a hanci da wutsiya, da wata da ake zurowa ta ƙarƙashin ciki. Aka shafe jikinsa da launuka masu ɗaukar ido, kowane ɓangare da nasa, yadda matuƙin da ke tahowa da gudu zai gane nan take ta ina ya fuskanci jirgin kamara da kuma inda ya dosa. Kafin a tashi sai an zauna an tsara wa kowa matsayinsa. Haɗa jirage da yawa wuri ɗaya a sama, masu gudu daban-daban, ga mai yana ƙarewa, ga tsoffin injuna da ba su son wahala, yakan cinye sa'a guda don a samu hoton ƴan daƙiƙoƙi. Wani lokaci an gama jeruwa sai gajimare ya rufe rana, kowa ya koma gida. Akwai kuma matsalar harshe, don matuƙan Sifaniya da na Ingila da na Amurka ne a sama ɗaya. Ƙarancin jirage ma ya sa an yi ƴar dabara: a wurin da aka nuna matuƙa ƴan Polan sun saɓa umarni sun afka wa abokan gaba, Hurricane ukun da ke can nesa a hoton Buchón ne aka yi wa fentin Ingila.

Sai kuma yanayi. A 1940 lokacin zafin Ingila ya zo da rana mai kyau, shi ya sa aka samu damar yin faɗa kusan kullum. A 1968 kuwa ruwa da hazo suka yi ta zuwa. Jirage na ƙasa, matuƙa na zaune ana biyan su, kuɗi na zurarewa. Da abin ya ishe su sai suka kwashi wasu jiragen suka tafi Montpellier a kudancin Faransa neman shuɗin sama. Wato wani yanki na sararin Ingila da kuke gani a fim ɗin, sararin Faransa ne.

Kada a ɗauka aikin nan wasa ne. Manyan masu ɗaukar hoton sama na fim ɗin su biyu ne, Skeets Kelly da John Jordan. Jordan ya riga ya rasa ƙafa ɗaya tun a wajen ɗaukar wani fim na James Bond a Japan, inda farfelar jirgi mai saukar ungulu ta sare shi, amma ya dawo aiki. A 1969, yana ɗaukar wani fim ɗin yaƙi a Meziko, ya faɗo daga jirgi ya mutu. Kelly shi ma a 1970 ya rasu, lokacin da jirage biyu suka yi karo a sama wajen ɗaukar wani fim a Ailan. Cikin shekara biyu da gama wannan aiki, duka biyun sun tafi a bakin sana'arsu.

Mu dawo ƙasa, wajen mutane. Masu fim sun gayyato waɗanda suka yi yaƙin don su ba da shawara. A ɓangaren Ingila akwai Robert Stanford Tuck, da James Lacey, da Douglas Bader, wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi tun 1931 amma ya yi yaƙi da ƙafafun ƙarfe. A ɓangaren Jamus akwai Janar Adolf Galland, wanda aka lissafa masa harbo jirage 104. Mutanen nan sun san juna tun da. Da aka kama Bader a Faransa a 1941, Galland ya karɓe shi da mutunci, Jamusawa suka kuma yarda a jefo masa sabuwar ƙafa daga jirgin Ingila. Tuck ma da aka harbo shi a 1942 ya ci abinci da Galland kafin a kai shi sansanin fursuna, daga baya suka zama abokai. Duk da haka zaman bai rasa rigima ba. Galland ya tayar da ƙura a kan wani wuri da aka nuna babban hafsan Jamus yana ɗaga hannu irin gaisuwar ƴan Nazi, ya ce sojan sama ba haka suke gaisuwa ba, har ya yi barazanar janyewa. Hamilton bai cire wurin ba. Kun ga, bayan shekara 28 an daina harbin juna, amma kowa yana gadin yadda za a ba jikokinsa labari.

Wani abin da masu fim suka yi da ya dace a yaba: Jamusawa a ciki Jamusanci suke yi, ƴan Polan suna yarensu, ana rubuta fassara a ƙasa. Kuma da suka zo nuna abin da wuta ke yi wa matuƙi, ba su yi wa ɗan wasa kwalliya ba. Sun kawo Bill Foxley, wanda ya ƙone ƙwarai a fuska da hannuwa a haɗarin jirgi a 1944, ya tsaya gaban kamara da fuskarsa yadda take.

Manyan ƴan wasan Ingila na lokacin kusan duk suna ciki: Michael Caine, Robert Shaw, Trevor Howard, Susannah York, da Christopher Plummer ɗan Kanada. Laurence Olivier ya fito a matsayin Hugh Dowding, kwamandan da ya tsara tsaron sama da rada da ɗakunan ba da umarni. Shi Dowding, yana gama cin yaƙin, a watan Nuwamba na 1940 aka sauke shi daga muƙaminsa, bayan saɓani da wasu manyan hafsoshi. Ya daɗe yana jin ba a yi masa adalci ba. A 1968, yana tsoho a keken guragu, aka kawo shi wurin ɗaukar fim ya ga ana maimaita abin da ya yi. Ya rasu a watan Fabrairu na 1970, wata biyar bayan fitowar fim ɗin da ya sake sanar da matasa sunansa.

Har kiɗan fim ɗin sai da aka yi rigima a kansa. An ba babban mawaƙin Ingila William Walton aikin, ya gama, shugabannin kamfani suka ƙi, suka ba Ron Goodwin ya sake. Olivier ya fusata ya ce in haka ne a cire sunansa. Aka sasanta aka bar yanki ɗaya na Walton a babban faɗan ƙarshe. A wannan wuri an ɗauke ƙarar inji da ta bindiga kusan gaba ɗaya, sai kiɗa da jirage suna juyi cikin gajimare, mutane suna faɗowa. Da yawa suna cewa nan ne fim ɗin ya fi taɓa zuciya.

An buɗe fim ɗin a Landan ranar 15 ga Satumba na 1969, daidai ranar tunawa da yaƙin. Ya ci fiye da dala miliyan 12 na wancan zamani. A Ingila mutane sun cika gidajen sinima, amma a Amurka, inda babbar kasuwa take, bai karɓu ba, kuɗin da aka zuba ba su dawo ba. Masu sharhi suka ce jiragen sun fi mutanen rai, ƴan wasa sun yi yawa, in sun rufe fuska a cikin jirgi ba ka gane wane ne wane. Akwai gaskiya a zancen. A lissafin ɗan kasuwa dai an yi asara.

To amma ku dubi abin da ya bari. Jiragen da aka ciro daga ƙofar barikoki aka gyara, da yawa ba su koma can ba. Makanikan da suka yi aikin sun sake koyon injin Merlin, aka tono kayan gyara daga rumbunan da aka manta da su, masu kuɗi kuma suka gane cewa tsohon jirgin yaƙi abin mallaka ne. Wani Spitfire mai lamba MH434 da ya fito a fim ɗin yana nan yana tashi daga Duxford. Filin Duxford ɗin kansa, da RAF ta bari tun 1961, ya zama a shekarun 1970 gidan tarihin jiragen sama, yau yana cikin mafiya girma a Turai. Buchón kuwa, da gwanjon Tablada ya faɗa hannun masu narka ƙarfe, da sai dai a hoto. Wani matuƙi ɗan Taksas da ya yi aiki a fim ɗin, Connie Edwards, ya karɓi jirage a maimakon kuɗin aikinsa, ya kai su gonarsa ya kulle fiye da shekara 40, sai a 2014 aka sayar da su, wasu kuma an sake tashe su. Da Christopher Nolan ya zo yin fim ɗin Dunkirk na 2017, Buchón ya sake sa wa fentin Jamus. Spitfire masu tashi a duniya yau sun haura 50.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da jiragen Turawa? Akwai inda labarin ya biyo ta kusa da gida. Fim ɗin ya buɗe ne da faɗuwar Faransa a 1940, kuma a wannan faɗa dubun dubatar sojojin Afirka ta Yamma sun tsaya a sahun Faransa, waɗanda ake kira tirayer, har da mutanen ƙasarmu, ko da yake kamara ba ta waiwaye su ba. Sannan daga watan Satumba na 1940, lokacin da ake tsakiyar faɗa a sararin Landan, Ingila ta fara kawo Hurricane cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce Njamena, su bi ta Hartum har Alƙahira. Hanyar ta yiwu ne don Gwamna Félix Éboué na Cadi ya bi de Gaulle a watan Agusta na 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942. Dubban jirage sun bi ta nan. Jirgin da Mahaddie ya sha wuya kafin ya samu uku masu tashi, mutanen Kano sun ga ayari-ayarinsa yana sauka a garinsu.

Kuma a shekarar nan ta 1969 da Battle of Britain ya fito, ɗan ƙasarmu Umaru Ganda ya kai nasa fim ɗin, Cabascabo, bikin finafinai na Cannes. Shi ma labarin soja ne, wanda ya dawo daga yaƙin Indocin, yaƙin da Ganda ya je da ƙafarsa. Ba shi da jirage ɗari ko miliyoyin dala, amma ya ajiye mana fuskar mazan jiya da irin rayuwar da suka tarar da suka dawo gida. Ganda ya rasu a 1981, cibiyar al'adu ta Yamai tana ɗauke da sunansa. Matasanmu nawa ne suka taɓa kallon fim ɗin?

Abin da ya sami Spitfire yana iya samun kowane kaya namu. Tsoffin faya-fayan rediyo da ke ɗauke da muryoyin mawaƙa da malamai da sarakuna, injunan tsoffin gidajen sinima, kamiyon da suka yi jigilar gyaɗa, lambobin yabo da takardun kakanninmu sojoji da ke cikin adaka, duk suna cikin halin da jiragen nan suka shiga a 1948: ba su tsufa har a ga darajarsu ba, ba su kuma da sauran amfani a idon mai gida. Mai sayen tsohon ƙarfe yana zagaye unguwa kullum da kurarsa, kuma ba laifinsa ba ne, abincinsa yake nema. P7350 ya tsira ne don mutum ɗaya ya tsaya ya karanta takardun da ke tare da shi kafin a kunna wuta.

Duk wanda yake da irin waɗannan kaya a gida, ko ya san dattijon da ya yi soja a zamanin Faransa, ko wanda ya yi aiki a tsohuwar sinimar garinsu, ya sanar da mu, za mu zo da na'urar ɗaukar murya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.